Yadda za ka sa famfon ruwa da fitilun gida su riƙa aiki da kansu da Home Assistant

Yawancin kayan da ake sayarwa da sunan sarrafa gida ta waya, irin soket da ƙwan fitila masu hawa Wi-Fi, an ƙera su ne don gidan da ba a ɗauke wuta, intanet kuma ba ya yankewa. Idan ka danna maɓalli a manhaja irin Smart Life, galibi umarnin sai ya bar wayarka ya je sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu, a wata ƙasa, sannan ya dawo kan fitilar da ke saman kanka. Ranar da data ta ƙare, rabin wayon ya tafi. Ko a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa an sha wuya da wannan tsari. A 2016 kamfanin Nest ya kashe sabar Revolv, wata na'urar sarrafa gida ta waya, na'urorin da mutane suka saya da kuɗinsu suka koma kwalliya. A watan Afrilun 2022 sabar Insteon, wani kamfanin irin waɗannan kayan, ta mutu ba tare da an sanar da kowa ba.

Saboda haka wannan jagora an gina ta ne a kan sharaɗi ɗaya: komai ya yi aiki a cikin gida ko babu intanet, kuma idan ƙwaƙwalwar tsarin ta mutu, makunnin bango da famfo su ci gaba da aiki da hannu kamar da. Duk na'urar da ta kasa cika wannan sharaɗi, a bar ta a shago komai arharta.

Ƙwaƙwalwar gidan

Manhajar da za mu ɗora komai a kanta ita ce Home Assistant. Paulus Schoutsen ne ya fara rubuta ta a 2013, kyauta ce, lambobinta a buɗe suke ga kowa, kuma tun 2024 tana ƙarƙashin gidauniyar Open Home Foundation. Tana zama ne a wata ƙaramar kwamfuta a gidanka, ba a sabar kowa ba.

Kwamfutar iri biyu ce za ka zaɓa. Ta farko Raspberry Pi 4 ko 5, allo ne ɗan ƙarami kamar tafin hannu. Nemi mai RAM giga 4, da katin microSD na giga 32 ko fiye mai alamar A2, da caja ta asali. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, Pi 5 kuma cajarta ta wat 27 ce. Cajar waya ta gefen titi za ta kunna ta, amma za ka yi ta fama da tsayawa da sake tashi ba ka san dalili ba. Zaɓi na biyu shi ne 'yar ƙaramar kwamfutar ofis wadda aka taɓa amfani da ita, irin Lenovo ThinkCentre Tiny ko Dell OptiPlex Micro, waɗanda ake samu wajen masu sayar da kwamfutoci na tokumbo. Ni ita na fi so. Tana zuwa da ma'ajiyar bayanai ta SSD wadda ta fi kati jure wahala, kuma tana da batirin agogo a cikinta. Wannan agogon ba ƙaramin abu ba ne: Pi 4 ba ta da shi, idan ta mutu ta tashi babu intanet ba za ta san ƙarfe nawa ba, dokokin da ka ɗaura da lokaci kuwa duk sai su rikice. Pi 5 tana da wurin saka batirin agogo, amma daban ake sayensa.

Kafin ka girka komai, ka fara warware maganar wutar da za ta riƙe ta. Ba abin da ke lalata katin ajiya kamar a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, Home Assistant kuwa kusan kullum cikin rubutu take. Dole kwamfutar da rauta su zauna a layin inbata. Idan babu inbata a gidan, akwai ƙananan UPS na rauta masu fitar da bolt 12 da 9 da 5, sai dai ka karanta jikinsu ka tabbatar ramin bolt 5 ɗin yana iya ba da amfiya 3. Lissafin ba shi da nauyi: a ce Pi da rauta tare suna cin wat 15, a awa 24 ya zama wat-awa 360. Ka ajiye su inda iska ke shiga, ba cikin durowa ba, domin Pi takan rage gudu da kanta idan zafinta ya kai digiri 80, kuma a watan Afrilu ɗakin da ke rufe ba ya wasa. Bayan hunturu a buɗe a hure ƙura.

Rautar ma a duba ta. MiFi na aljihu ba zai yi ba. Ana buƙatar wadda ke da ramin kebul na LAN, wadda kuma ke ba da Wi-Fi na 2.4GHz, don kusan duk ƙananan na'urorin nan ba sa ganin 5GHz. Rauta tana ci gaba da haɗa na'urorin gida da juna ko da babu ko kilobait ɗaya na data a layin.

Girkawa

A kan Pi aikin mai sauƙi ne. Sauke Raspberry Pi Imager a laftof, saka katin, shiga Choose OS, sai Other specific-purpose OS, sai rukunin Home Assistant, ka zaɓi wanda ya dace da allonka ka rubuta. Idan ƙaramar kwamfutar ofis ce, hoton Generic x86-64 za ka rubuta a kan SSD ɗinta, ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, ka kunna UEFI ka kashe Secure Boot. Tun kana cikin BIOS ɗin, nemi wurin da ake cewa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, ka kunna shi.

Haɗa ta da rauta da kebul, ka kunna. Wannan tashin farko yana buƙatar intanet, kuma yana iya ɗaukar minti 20, kada ka zare. Daga nan ka buɗe burauza a waya ko laftof da ke kan Wi-Fi ɗaya, ka rubuta homeassistant.local:8123. Idan bai buɗe ba, shiga shafin rauta ka ga lambar IP da ta ba kwamfutar, ka rubuta ta da :8123 a ƙarshe. Ƙirƙiri asusu da kalmar sirri mai ƙarfi, ka nuna gidanka a taswira daidai, ka zaɓi yankin lokaci: Africa/Lagos ga Najeriya, Africa/Niamey ga Nijar, Africa/Accra ga Gana. Da wannan wurin ne take lissafa fitowar rana da faɗuwarta, ba tare da ta tambayi kowa ba. Abu na ƙarshe, koma shafin rauta ka ɗaure mata lambar IP ɗin ta dindindin.

Fitilun waje tukuna

Ka fara da fitilar ƙofar gida da ta tsakar gida, don ko ka yi kuskure ba abin da zai ƙone. Kada ka sayi ƙwan fitila mai wayo. Da zarar wani ya kashe makunnin bango, ƙwan ya mutu, ba waya ba doka, kuma ba za ka hana mutanen gida taɓa makunni ba. Abin da ya dace shi ne ƙaramin rile, wato makunni mai karɓar umarni ta lantarki, da ake ɓoyewa a bayan makunnin bango, makunni ya ci gaba da aikinsa, manhaja ma ta yi nata. Shelly, kayan wani kamfanin Bulgeriya, yana hawa Wi-Fi kuma Home Assistant tana magana da shi kai tsaye a cikin gida. Da ka haɗa shi da rauta za ka gan shi ya bayyana a Settings, ƙarƙashin Devices & services.

Kafin saye, a kashe bireka a buɗe akwatin makunnin a duba ko akwai wayar nutiral. A gidaje da yawa babu, waya mai wuta ce kawai ta shigo ta fita zuwa fitila. Idan haka ne, ko a sa rilen a sama wajen fitilar inda nutiral yake, ko a nemi irin wanda ba ya buƙatarsa, kamar Sonoff ZBMINI-L2, wanda shi da Zigbee yake aiki, bayaninsa na nan gaba. Wannan aikin na mai wayarin ne. Bolt 230 ba wurin koyon sana'a ba ne.

Dokar farko ana rubuta ta a Settings, Automations & scenes, Create automation. Kowace doka kashi uku ce: abin da zai tayar da ita, sharaɗin da za a duba, da aikin da za a yi. A When ka zaɓi Sun, sai Sunset, ka sa tazarar -00:10:00 don fitila ta kama minti 10 kafin rana ta faɗi. A Then do ka zaɓi fitilar ka kunna. Ka yi ta biyu mai kashewa da fitowar rana.

Akwai rami a nan da jagororin Turai ba sa damuwa da shi. Idan a daidai faɗuwar rana rilen ba shi da wuta, umarnin ya wuce ke nan, ba za a maimaita shi ba, fitila za ta kwana a kashe ko da an kawo wuta ƙarfe takwas. Maganinsa a ƙara wa dokar masu tayarwa biyu: lokacin da Home Assistant ta tashi, da lokacin da rilen ya fita daga halin unavailable. Sai a sa sharaɗi a And if cewa rana tana ƙasa. Da haka duk sanda wuta ta dawo cikin dare fitila za ta kama. Mai son ɗaura abubuwa da lokutan salla kuma, akwai haɗin Islamic Prayer Times da ke fitar da lokacin kowace salla a matsayin sensa, ana iya sa fitilar zaure ta kama minti 20 kafin asuba.

Idan na'urori suka fara yawa, Wi-Fi na ƙaramar rauta zai gaji, a nan Zigbee ke shigowa, wata hanyar sadarwa ce marar waya ta ƙananan na'urori, daban da Wi-Fi. Ana sayen 'yar sanda ta USB irin Sonoff ZBDongle-E ko ZBDongle-P, a haɗa ta da kebul mai tsawo don ta yi nisa da ramukan USB 3.0 masu dagula siginar 2.4GHz, sai a kunna ZHA, haɗin da ke kula da Zigbee, a cikin Home Assistant. Na'urorin Zigbee suna miƙa wa juna saƙo, amma masu jone da wutar bango ne kawai ke miƙawa. Masu batir, irin sensar ƙofa, ba sa yi, haka shi ma ZBMINI-L2. To idan masu miƙawar suna layin NEPA, ana ɗauke wuta hanyar ta rushe, sensoci su yi ta lalube har batirinsu ya ƙare. Ka tabbatar soket biyu ko uku na Zigbee suna layin inbata, a rarrabe tsakanin sassan gidan, don bangon bulo mai rodi yana cinye sigina.

Famfon ruwa

Nan ne ainihin ribar take, nan ne kuma ake asara idan aka yi garaje. Gaskiya ita ce idan burinka kawai tanki ya daina ambaliya, makunnin fulot na kasuwa, mai tasowa da ruwa ya yanke wuta idan tanki ya cika, ya isa, ba sai ka sayi kwamfuta ba. Abin da Home Assistant ke ƙarawa shi ne hankali: ta jira wuta ta zauna kafin ta tayar da injin, ta ƙi tayar da shi idan wutar ba ta da ƙarfi, ta hana shi shan batirin inbata, ta kashe shi idan ya daɗe fiye da ƙima, ta kuma sanar da kai.

Kada ka taɓa jona sumo, wato injin famfon da ke nutse cikin rijiya, kai tsaye a kan ƙaramin soket mai wayo. Za ka ga an rubuta amfiya 10 a jikinsa, ka lissafa injin doki ɗaya wat 746 ne, ka ce ai ya ɗauka. Amma injin yana jan ninkin wutarsa sau da yawa a daƙiƙar da yake tashi, wannan fizgar ce ke narkar da bakin rile har ya manne. Rilen da ya manne kuwa a kunne yake mannewa, injin ba zai tsaya ba. Aikin ɗaukar nauyi na kontakta ne, babban makunni da ke kamawa idan aka ba koyil ɗinsa wuta. Rile ɗan aike ne kawai, koyil ɗin kontakta yake ba wuta.

Ga yadda za ka bayyana wa mai wayarin. Wutar famfo ta fito daga layin NEPA, kafin inbata, ta bi ta bireka da na'urar kariya ta RCD mai miliamfiya 30, ta shiga kontakta, ta fita zuwa akwatin kafasita na sumo. Layin koyil kuma ya bi ta makunni mai matsayi uku: hannu, kashe, da atomatik. A matsayin atomatik wuta ta ratsa ta rile, a matsayin hannu ta tsallake shi. Amma duka biyun su haɗu su ratsa ta fulot ɗin saman tanki kafin su isa A1, bakin koyil ɗin kontakta na farko, na biyun A2 kuma ya tafi nutiral. Ma'ana ko manhaja ta haukace, ko wani ya juya zuwa hannu ya manta ya tafi kasuwa, tanki na cika fulot zai yanke. Wannan kariyar ba ta ratsa ta kowace kwamfuta ba, kuma haka ya kamata ta kasance.

Mai ba rile umarni shi ne ESP32, ɗan allo mai Wi-Fi na kamfanin Espressif da ke Shanghai. Manhajar da ake zuba masa ita ce ESPHome, ana girka ta daga cikin Home Assistant. Karon farko da kebul na USB ake zubawa ta burauzar Chrome ko Edge, daga baya ta iska. Ka ba shi wuta daga layin inbata don ya kasance a farke ko an ɗauke. Zai karanta abubuwa biyu. Na farko fulot na biyu da aka rataya ƙasa a cikin tanki, wayoyinsa biyu a ƙafafun allon, ɗaya a GPIO ɗaya a GND, babu bolt 230 a kansa sam. Na biyu ƙaramin rile mai koyil na bolt 230 da aka jona a layin NEPA: idan akwai wuta bakinsa ya rufe, ESP32 ya gane an kawo. Ga zuciyar saitin:

switch:
  - platform: gpio
    pin:
      number: GPIO26
      inverted: true
    name: "Famfo"
    id: famfo
    restore_mode: ALWAYS_OFF

binary_sensor:
  - platform: gpio
    pin:
      number: GPIO27
      mode: INPUT_PULLUP
      inverted: true
    name: "Wutar NEPA"
    filters:
      - delayed_on: 5min

Layin ALWAYS_OFF yana nufin duk sanda allon ya sake tashi, famfo a kashe zai same shi. Layin delayed_on kuma shi ke hana a ce akwai wuta sai ta zauna minti 5 cur, don wutar da ake kawowa a ɗauke a sake kawowa cikin minti ɗaya ita ke kashe injina. Kalmar inverted ta farko saboda yawancin allunan rile na kasuwa suna kamawa ne idan aka ba su sifili. Ka gwada naka da ƙwan fitila kafin ka kusanci famfo, idan ya yi akasi ka cire layin. Fulot na ƙasa shi ma haka za ka rubuta shi a wani GPIO, da jinkirin daƙiƙa 30 don motsin ruwa kada ya riƙa ruɗa shi.

Sai agogon tsaro. Ka juya zuwa hannu wata rana tanki yana ƙasa, ka duba minti nawa yake ɗauka ya cika, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Wannan iyakar a cikin ESP32 ɗin za ka rubuta ta, da script mai mode: restart wanda on_turn_on ke tayarwa, ya jira lokacin ya kashe. Kada ka bar ta a Home Assistant kaɗai, don idan Wi-Fi ya yanke famfo yana gudu, umarnin kashewa ba zai iso ba.

Matakin gaba, ga wanda unguwarsu ke fama da wuta marar ƙarfi, shi ne PZEM-004T, wata ƙaramar mitar wuta. Yana auna bolt daga 80 zuwa 260, da amfiya da wat ta zoben da ake saƙala wa waya mai wuta, ESPHome kuma ta san shi da sunan pzemac. Amfaninsa biyu. Idan bolt ya faɗi injin yakan ja amfiya fiye da ƙima ya yi zafi har koyil ya ƙone, sai ka sa sharaɗin kada ya tashi sai bolt ya haura iyakar da ke rubuce a jikin injin. Na biyu, idan ruwan rijiyar burtsatse ya janye a bazara, sumo yana juyawa a iska, wat ɗin da yake ci yakan sauka sosai. Ka lura da abin da yake ci a ranakun lafiya na mako guda, sai ka rubuta doka: idan famfo na kunne kuma wat ya faɗi ƙasa da haka sosai na minti ɗaya, a kashe, a turo saƙo, kada a sake gwadawa sai bayan awa biyu. Sumo da ruwa yake sanyaya jikinsa, gudu a bushe ba ya daɗewa yake hallaka shi.

Wasu za su so ganin ruwan da kashi cikin ɗari. Akwai sensar JSN-SR04T da ke auna tazara da amo, amma ba ta ganin abin da ya fi kusa da kamar santimita 20, ƙafarta ta echo bolt 5 take fitarwa alhali ESP32 na bolt 3.3 ne, sai an rage da resista biyu, kuma gumin da ke taruwa a murfin tanki yana sa ta ƙarya. Kwalliya ce mai kyau a fuskar waya. Yanke shawarar kunnawa da kashewa dai a bar wa fulot.

Babbar dokar a ƙarshe gajeriya ce. Masu tayarwa: wutar NEPA ta zauna, ko fulot na ƙasa ya ce ruwa ya yi ƙasa. Sharuɗɗa: akwai NEPA, ruwa yana ƙasa, bolt ya isa. Aiki: kunna famfo. Wata dokar kuma ta kashe rile nan take idan aka ɗauke wuta, don kada ta dawo ta tarar da shi a kunne.

Waya, nesa, da kwafin ajiya

Sauke manhajar Home Assistant a wayar kowane babba a gidan, ka buɗe wa kowa asusunsa ba tare da ikon shugaba ba. A cikin gida tana aiki ta Wi-Fi ba data. Daga nesa kuwa, buɗe ƙofa a rauta galibi ba ya yiwuwa a layukan kamfanonin waya, don mutane da yawa ke raba lambar IP ɗaya, kuma ko yana yiwuwa ban ba da shawararsa ba. Hanya biyu ce mai tsabta: Tailscale, wanda ake girkawa a Home Assistant da wayarka su haɗu ta ɓoyayyiyar hanya, ko biyan kuɗin wata na Home Assistant Cloud wajen Nabu Casa, kamfanin da masu manhajar suka kafa a 2018. Ka sani saƙonnin da ke shigowa waya kana waje suna buƙatar data a rautar gida, amma famfo da fitilu ba ruwansu da ita.

Ana fitar da sabon zubi kowane wata, sunansa shekara da wata, kamar 2025.1. Ba dole ka sabunta ranar da ya fito ba. Bari ya kwana biyu a gyara kurakuran farko, ka karanta sashen abubuwan da aka canza, ka yi shi da rana batir a cike, ba daren da za ka yi tafiya ba. Kafin kowane sabuntawa ka shiga Settings, System, Backups ka ɗauki kwafi, ka kuma kunna na atomatik. Kwafin da ke zaune a kan katin da zai lalace ba shi da amfani, ka sauke shi a laftof ko filas, ka rubuta mabuɗin sirrin da aka ba ka a takarda, don kwafin da aka kulle ba zai buɗu ba sai da shi.

Kafin ka ce an gama, yi gwaji uku mutanen gida suna kallo. Cire layin data daga rauta, ka ga ko fitila ta kama da magariba. Zare kwamfutar gaba ɗaya, ka sa wani ya kunna fitila da makunnin bango, ya juya famfo zuwa hannu. Sannan famfo yana gudu ka ɗaga fulot na sama da hannunka, dole ka ji kontakta ta saki nan take. Idan ɗaya ya faɗi, a koma kan wayarin kafin a ƙara wata na'ura. Daga nan ka manna takarda a jikin akwatin famfo da ke nuna matsayi ukun makunnin da Hausa, da lambar birekar da ke kashe shi.